Rabin Aski a Zauren Surukai

A Karfi, da zarar kaka ta yi, buhunan masara da waken suya suka fara hawa motocin Funtuwa, abu biyu ne ke tashi lokaci guda: kuɗin ɗinki da maganar aure. A kakar 2023 ni ma na shiga sahu. Ni malamin firamare ne, ina taɓa noma a gefe, kuma a shekarar masara ta yi mini kirki har na ji ƙarfin tunkarar gidan mutane. Yarinyar 'yar Malumfashi ce. Mahaifinta ya aiko cewa kafin manya su shiga maganar, yana so ya ga yaron da idonsa, ranar Asabar bayan la'asar.

Na ɗinka shadda, na goge takalmi sau-ciki, na sayi hula zanna-bukar lamba 23, wadda mai hula ya auna mini da hannunsa, ya rantse ko guguwa ba za ta raba ni da ita ba. Kai kuwa ban sa shi a lissafi ba. Wa ke ganin kan namiji a garinmu? Daga hula sai hula. Akwai dattawan da na buɗe ido na gani a unguwarmu, har yau ban san ko suna da sanƙo ba.

Ƙanena ne ya tayar da zaune tsaye. Yana karatu a Zariya, ya zo hutu, ya same ni ina gwada hular a gaban madubi.

"Yaya, da wannan sumar za ka je gidan surukai?"

"Me ta yi?"

"Ba ta yi komai ba. Shi ya sa na yi magana."

Ya zaro waya ya shiga nuna mini kawunan mutane. Askin da ya zaɓa mini Turawa na kiransa kuru-kot. A rage gefe da ƙeya sosai, a bar na sama da ɗan tsawo, tsawon ya riƙa ƙaruwa daga tsakar ka zuwa goshi, yadda na gaba zai ɗan miƙe tsaye. Ya ce akwai wanda ake daidaita samansa ya yi lebur, akwai wanda ake tsaga wa layi a gefe, akwai kuma wanda gefensa ke raguwa a hankali har ya haɗe da fata ba ka ga inda ya fara ba. Har lambobi ya haddace. Matajin da ake maƙala wa kilifa, in lamba 1 ne gashi milimita 3 yake bari, lamba 2 milimita 6, lamba 4 milimita 13.

"Kai Yaya, gefe lamba 1, sama lamba 4. Shi ke nan ka koma ɗan shekara 25."

Na tambaye shi asalin abin, domin malami ba ya miƙa kansa ga abin da bai san tarihinsa ba. Ya ce ɗaliban jami'o'in Amurka masu tseren kwale-kwale, irin su Yale da Harvard, su suka yayata shi a wajajen shekarun 1920 da 1930. Hannayensu biyu na kan tuƙi, ba su da na ukun da za su kawar da gashi daga ido. Da aka shiga yaƙin duniya na biyu sai sojojin Amurka suka ɗauka, daga nan ya bazu. Na ce masa ni ban taɓa shiga kwale-kwale ba, ko dam ɗin Mairuwa daga cikin mota na hango shi, yaƙin da nake yi kuwa da 'yan aji huɗu ne. Ya ce ai abin ba a ruwa yake ba, a wayewa yake. Ya ƙara da cewa yarinyar nan ta yi karatu, tana da waya, ta ga kawunan duniya. Wannan maganar ce ta kayar da ni.

Da ma gidanmu muna da wanzami, tsoho, wanda ya gaji kawunan gidan daga mahaifinsa. Shi ya yi mini askin suna, shi ya yi mini kaciya, shi ke yi wa Baba ƙaho. Duk kaka yana da daminsa, duk suna yana da kasonsa a rago. Sai dai askinsa iri ɗaya ne tun zamanin Sardauna: ya jiƙa, ya shafa sabulu, ya kwashe. Na san in na nuna masa hoton nan, kafin in mayar da waya aljihu labari ya isa kunnen Baba. Saboda haka ranar Asabar da hantsi na zagaya ta bayan gidansa, na nufi shagon aski na bakin titi.

Na tarar da layi, domin ba ni kaɗai ke neman aure a Karfi ba. A bango akwai hoton nan da ke kowane shagon aski: kawunan baƙaƙen fatar Amurka a jere, kowanne da lambarsa, babu mai hula ko ɗaya. Wuta kuwa an ɗauke, janareta ke aiki. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun shekarar, lita ta haura naira 600, mai askin ya daina sayen fetur a galan ya koma kwalba. Da kwalbar yake aski, da ita yake cajin wayoyin rabin unguwa. Kafin layi ya zo kaina an yi azahar.

Na nuna masa hoton. Ya kalla sau ɗaya.

"Malam, wannan ai ƙaramin aiki ne. Jiya ma na yi wa wani ɗan Abuja."

Ya yafa mini ƙyalle, ya zuba wa bakin kilifa sifirit ya kunna mata wuta, ya hure, ya maƙala lamba 1. Gefen dama ya tafi lafiya lau. Na saci kallon madubi, na ji har na fara fahimtar Turanci fiye da da. Ya ci rabin ƙeya, ya sauya mataji ya hau sama. A daidai nan ne gardamar ƙwallo ta ɓarke a kan benci, wani ya ce Arsenal ba za ta ƙara ɗaukar kofi ba har a busa ƙaho. Ashe mai askina ɗan Arsenal ne. Ya waiwaya don ya rama, hannunsa bai tsaya ba. Na ji wani abu ya faɗi ƙasa ƙwas, na kuma ji sanyin ƙarfe yana tafiya a fatar kaina, daga ƙeya ya hau tudu ya nufo gaba.

Gardama ta mutu. Duk mai askin da ya yi shiru, ya ja da baya yana kallon kanka yana karkata wuya, to ka fara salati.

"Malam, ba komai. Mataji ne ya fita. Yanzu zan daidaita."

Bai rufe baki ba janareta ya yi tari, ya ƙara, ya yi shiru shi ma. Hausawa na cewa aski in ya zo gaban goshi ya fi zafi. Nawa bai ma samu isowa ba.

Ya ba yaronsa kwalba ya ce ya ruga wajen 'yan bumburutu. Yaro ya ruga, kuma a iya sanina har yanzu yana gudu. Ya ɗauko kilifa mai caji, ta yi kuka kaɗan, ta cafki gashin gefen hagu ta riƙe, ba ta yanke ba, ba ta saki ba, sai da aka ɓamɓare ta. Almakashinsa yana wajen tela. Ɗaya mai askin garin ya rufe shago ya tafi gona sussukar masara. Na miƙe na fuskanci madubi. Dama a gyare, hagu suma na nan yadda Allah ya halicce ta, tsakiya ga hanya fara fes, gaba ga wani ɗan tsiro a tsaye shi kaɗai, sai ka ce gonar da aka fara huɗa shanu suka tsere da garma. A bakin hanyar kuma ga tabon da na samu ina yaro lokacin da jakin Kawu ya kayar da ni, wanda na yi shekaru ina musun faruwarsa.

Sai ga odar babur a waje. Abokina ne, wanda zai raka ni.

"Ango, la'asar fa ta gabato."

Ya leƙo ya gan ni. Ya koma ya kashe babur, ya kafe shi, ya zauna a ƙasa, sannan ya fara dariya, domin mutum ne mai tsari. Da ya samu numfashi sai ya ce in sa hula. Mai aski ya ce in ba da rabin kuɗi, in na dawo a ƙarasa in cika. Na ba shi, don ban da lokacin shari'a.

A gida na shige ɗaki ta bayan rumbu, na sa shadda, na ɗora hula. Hular da aka auna da suma cikakkiya ta zame ta kwanta a kan kunnen dama. Na gyara, ta koma. Abokina ya duba ɗakin, ya ga takardun jarrabawar 'yan ajina da na kawo gida don in duba, ya zari ɗaya ya ninke ya cusa a gefen da ya rame. Hula ta zauna daram. Na ce mu tsaya a Malumfashi a ƙarasa askin, ai can shaguna sun fi yawa.

"Dattijo ya ce bayan la'asar. In ka makara ran farko, an gama karanta ka. Kuma wa zai cire maka hula a gidan surukai?"

Muka hau titi, iskar hunturu na kaɗawa, hannuna ɗaya a kafaɗarsa ɗaya a ka. La'asar a sahun ƙarshe na yi ta, jikin bango, ina sujada da dabara.

Mahaifin yarinyar na zaune a zaure bisa buzu, tare da aminansa uku: limamin unguwa, wani tsohon soja, da wani Alhaji ɗan kasuwar hatsi. Muka tuɓe takalma. Duk wanda aka yi wa tarbiyya ya san gwargwadon sunkuyawarka gwargwadon ladabinka, ni kuwa gidanmu ba a wasa da tarbiyya. Na durƙusa, na sunkuyar da kai har ƙasa.

"Baba, barka da yamma."

Hula ce ta fara isa gare shi. Ta gangara a hankali, ta zagaye buta, ta kwanta a gaban ƙafarsa. Takardar ta biyo baya ta buɗe kanta.

Ba wanda ya amsa gaisuwar. Dattijon ya ɗauki takardar, ya laluba aljihu ya sa tabarau.

"Lissafi. Aji huɗu. Biyu bisa goma." Ya dube ni ta saman tabarau. "Taka ce?"

"Ta ɗalibina ce, Baba."

"To, alhamdu lillahi."

Liman ya gyara zama. "Samari, juyo mu gani."

Na juya a durƙushe.

"Ɗaya gefen."

Na sake juyawa.

Ya ce wannan shi ne ƙaza'u, wato a aske wani sashe na kai a bar wani, kuma hani ya zo a kansa a hadisin Ibnu Umar da ke cikin Buhari da Muslim, mafi yawan malamai kuma sun tafi a kan makaruhi ne. Ya ce shekara da shekaru yana karantar da babin, bai taɓa samun misali a fili irin na yau ba, da ma almajiransa na kusa.

"Allah ya gafarta Malam," in ji abokina, "ai ba haka aka nufa ba. Askin sojan Amurka ne, bai ƙarasa ba ne."

Tsohon soja ya ajiye carbi. "Soja? Yaro, ni na shiga Daffo a Zariya, na je Laberiya da ECOMOG. Ranar farko kwal ake yi wa kurtu, ko ɗan wane ne. Sojan da ya fito fareti da wannan kan, a gadurum zai kwana." Ya ƙara da cewa a Kano 'yan Hisba sun sha tare samari masu askin banza su aske musu, amma ni ko sun tare ni ba su san ta inda za su fara ba.

Alhaji ɗan kasuwa shi abin da ya dame shi daban ne. "Nawa ka biya?"

"Rabi, Alhaji."

Ya tashi ya zagaya ni, hannu a baya, yana auna aikin da ido. "An cuce ka. Wannan bai kai rabi ba. In an matsa, kashi ɗaya cikin uku."

Daga nan zaure ya rabu. Soja ya ce kai na mai shi ne, duk abin da aka gani a kansa shi za a tambaya. Alhaji ya ce a'a, wanda ya karɓi kuɗi shi ke da alhaki. Liman ya nemi a ba shi labarin daga farko, ya saurara har wajen tarin janareta, ya yi shiru yana shafa gemu. Can ya ce mas'alar na da wuya, domin yaro bai yi niyyar ƙaza'u ba, mai aski bai yi niyya ba, shi kuwa janareta ba mukallafi ba ne. Sai dai, in ji shi, ko da an ƙarasa, sai an duba ko gefen an aske shi ne ko saisaye aka yi, don hukuncin ba ɗaya ba ne. Aka sa na matso bakin ƙofa wajen haske, aka duba. Duk wannan ina durƙushe, ƙafafuna sun daina aiko mini da labari.

Abokina ya ga ana neman a gama da ni, ya jefo ƙarshen dabararsa. Ya ce ai Ronaldo na Brazil da ɗan gashi a gaban goshi kawai ya buga wasan ƙarshe na kofin duniya a 2002, ya zura wa Jamus ƙwallo biyu, suka ɗauki kofi.

Mahaifin yarinyar ya nuna ni da takardar. "Shi wannan nawa ya zura?"

Ana cikin haka ƙanen yarinyar ya shigo da ruwa a kwanon sha. Ya durƙusa zai ajiye, idonsa ya sauka a kaina, ya ajiye a hankali, ya fita da baya. Muka ji ƙafarsa ta ruga cikin gida. Aka yi ɗan shiru, sai dariyar mata ta taso ta ƙetaro katanga. Ba a jima ba wani yaron ya kawo ruwa. Bayansa wata yarinya ta kawo ruwa. Har wata tsohuwa mai sanda ta kawo ruwa da kanta, ta tsaya ta ce a sha a ba ta kwanon. Ban taɓa shiga gidan da ake karrama baƙo da ruwa haka ba.

Da magariba ta kawo jiki dattijon ya ninke takardar ya sa a aljihu, ya miƙo mini hulata.

"Ɗana, na aika a yi bincike a kanka, an ce ba ka da abin faɗa. Yau kuma na ga ka cika alkawari a halin da wani zai ce zazzaɓi ya kama shi. Ka turo manyanka." Ya ɗan tsaya. "Kuma hankalina ya kwanta ta wani wajen. Ba na jin za a yi wa 'yata kishiya nan kusa."

Kafin mu isa Karfi labari ya riga mu, ban san ta wace mota ba. Baba na zaune a ƙofar gida. Bai ce in cire hula ba, bai tambaye ni yadda aka yi ba. Ya dubi wani yaro ya ce, "Gobe da sassafe a kira wanzam." Kakata kuwa sai da ta sa aka haska mata da tocila.

"Maigida, wace ce ta yi maka wannan aika-aika? To ni dai na fasa auren. Na bar wa 'yar Malumfashi, ta je ta ji da shi."

Da safe tsohon ya iso da zabirarsa. Ya shimfiɗa tabarma, ya zaunar da ni, ya daɗe yana kallo bai taɓa ba.

"Ta bayan gidana ka wuce jiya. Na gan ka."

Na ce ina kwana, Baba wanzam. Ya ce lafiya lau, shi kansa ɗaya ne duk gefen. Ƙanena, da bai san lokacin yin shiru ba, ya kawo waya don ya nuna masa abin da aka so a yi, har da bayanin cewa tun 1921 wani Ba'amurke mai suna Leo Wahl ya yi wa kilifar lantarki rajista. Tsohon ya ce to yarinya ce, kakansa ya girme ta. Ya karɓi wayar ya nisanta ta da ido, ƙanena na tura masa hotuna, har aka zo kan Balotelli.

"Wannan ai zanko ne." Ya mayar da wayar. "Muna yara ana bar wa yaro zanko daga goshi har ƙeya, wani a bar masa tukku a tsakar ka. Malamai suka yi ta wa'azi har aka bari. Yanzu an sa muku a waya, kun biya kuɗi kun karɓo abin kakanninku."

Ya wasa aska a fata, ya jiƙa mini kai, ya shafa sabulu, ya danne ƙeyata da babban yatsa. Ba ƙara, ba hayaƙi, ba gardamar ƙwallo. Da ya zo kan tabon sai ya rage hannu ya ce, "Jakin kawunka. Ni na wanke ciwon." Kafin kunu ya huce ya gama. Ya goge askar a tafin hannu, ya ce in gaya wa mutanen Amurka ita wannan ba ta shan fetur.

Na ce tunda an shimfiɗa tabarma, a yi wa ƙanena shi ma. Aka waiwaya babu shi. Wanzami ba ya son jarfa. Washegari da asuba ya tuna yana da wani karatu na gaggawa a Zariya.

Hula lamba 23 ta sauko har ta rufe mini gira, sai ta Baba na ara. Hunturu ya same ni ba rufi, na yi mura har ta gaji ta tafi. Ranar Litinin ina raba takardun jarrabawa, wani yaro ya ɗaga hannu.

"Malam, ban ga tawa ba."

"Tana Malumfashi."

"Nawa na ci?"

"Liman ma ya sani. Zauna."

Manya suka je, aka yanka sadaki, aka sa rana. Ni kuwa na daina bin bakin titi, sai ran nan da larura ta kai ni wajen mai faci. Ina tsaye na ji an kira ni.

"Malam! Cikon kuɗina fa?"

Na buɗe baki zan kawo masa lissafin Alhaji na kashi ɗaya cikin uku, sai ya ja ni gefe ya rage murya. Ashe ranar wani a kan benci ya ɗauki hotona, hoto ya zaga wayoyin samarin gari ta WhatsApp. Yanzu zuwa suke suna cewa a yi musu irin na Malam. Har suna an sa masa: Mai-ya-ƙare. Kuɗinsa ya fi na aski cikakke. Wahalarsa ɗaya, in ji shi, sai ya tsayar da yaro kusa da janareta ya kashe a daidai wajen, in ba haka ba hannu sai ya zarce ya gyara.

"Na yafe cikon. Kuma in sumar ta dawo ka zo in yi maka kyauta, tunda kai ne mai asali."

Na yi masa godiya, na ce ya ajiye wa ƙanena kyautar. Yana dawowa hutu ƙarshen zango. Ni zan kawo shi da kaina, kuma ya sallami yaron ranar, ni zan tsaya a wajen janareta.